Lauyan da ke zaman zaure: sana'ar kamun ƙafa a gwamnatin birni

Tambaya: Baba Barista, ina wuni. Ina aji huɗu a karatun lauya. Na ci karo da tarihin wani Ba'amurke da ake ta yabo, wai shi lauya ne kuma mai kamun ƙafa a gwamnatin birni. Ni kuwa a sanina kamun ƙafa abu ne da ake yi a ɓoye. Shin sana'a ce ta gaskiya, ko cin hanci ne aka sa wa kwat? Kuma ta yaya lauya ke tsintar kansa a ciki?

Amsa: Lafiya lau, 'yata, Allah ya yi wa karatu albarka. Tunda ba ki ambaci sunan mutumin ba, zan ɗauko miki mutum biyu daga birnin New York, inda wannan sana'a ta fi ƙarfi a matakin birni. Dukansu lauyoyi ne, 'yan zamani ɗaya, kuma ta ƙofa ɗaya suka shiga. Ɗaya ya tsufa a cikin sana'ar, ɗaya kuma ta kai shi gidan yari.

Kalmar da Turawa ke kiran aikin da ita, lobbying, daga sunan zauren majalisa ta samo asali, wato inda masu buƙata ke tsayawa su tari 'yan majalisa kafin su shiga ciki. A Amurka kuwa abin yana da gindin zama a tsarin mulki, domin gyaran farko da aka yi masa a 1791 ya ba kowa 'yancin kai kokensa ga gwamnati. Wanda ke da 'yancin kai koke yana da 'yancin ɗaukar wanda ya fi shi iya baki ya kai masa. Mu ma ai mun san haka: mai neman fili a wajen hakimi ba ya faɗawa fada kai tsaye, sai ya nemi wanda ke da kunnen hakimin. Bambancin shi ne can an mai da abin sana'a mai rajista, mai farashi a rubuce, kuma duk wanda ya so zai iya duba wa ya ɗauki wa aiki, nawa ya biya shi.

Me ya sa birni? Saboda a nan kuɗi da ƙasa suke. Kasafin New York na shekara ya haura dala biliyan 100, ya fi na yawancin jihohin Amurka. Birnin ne ke ba da kwangilar kwashe shara da abincin makarantu, shi ke ba da lasisin tasi, shi kuma ke cewa wannan fili bene hawa shida kawai za a gina a kansa, wancan hawa arba'in. Wannan na ƙarshe shi ne kitsen aikin. Fili ɗaya, idan aka sauya masa ƙa'ida daga hawa shida zuwa arba'in, darajarsa ta ninka ba tare da an aza bulo ko ɗaya ba.

Sauya ƙa'idar kuwa tana da matakala, kuma kowane mataki da wa'adinsa. Takarda za ta fara zuwa kwamitin unguwa, akwai su 59 a birnin, su yi kwana 60 suna sauraron jama'a. Daga nan shugaban gunduma ya yi kwana 30, hukumar tsara birni kwana 60, majalisar birni mai kansiloli 51 kwana 50, sannan magajin gari yana da kwana 5 idan zai hau kujerar na-ƙi. Kimanin wata bakwai ke nan. Duk wannan yana cikin doka, ke ma za ki iya karantawa. Abin da ba ya cikin doka shi ne al'adar da kansilolin suka daɗe a kai, cewa a maganar fili yawanci sukan bi ra'ayin kansilan da filin ke mazaɓarsa. Ashe ke nan ba mutum 51 za a shawo kai ba, mutum ɗaya ne, kuma dole a san abin da ke hana shi barci: gidaje masu rahusa ne, ko makaranta, ko ƙungiyar ƙwadagon da ta tsaya masa a zaɓe. Sai da ɗan gari akan ci gari. Wannan sanin shi mai kamun ƙafa ke sayarwa, tare da wani abu guda, wato idan ya buga waya a ɗauka.

Lauya ya dace da aikin ne don rabin kamun ƙafa rubutu ne. Kansila ba shi da lokacin zama ya tsara sakin layin da zai gyara doka, sai a kawo masa a rubuce, kuma wanda ya rubuta ya san inda ya ajiye waƙafi. Akwai kuma fuska ta biyu da mutane ke mantawa: shi kansa birnin yana da nasa masu kamun ƙafa. New York duk girmansa ba ya iya ƙara harajin kuɗin shiga sai majalisar jiha da ke Albany ta yarda, shi ya sa magajin gari ke da ofis a can, da wani a Washington.

Ta wannan fuska ta biyu Stanley Friedman ya fito. Ɗan gundumar Bronx ne, an haife shi a 1936, ya yi karatun lauya a Brooklyn. Ya taɓa aikin gabatar da ƙara, sannan ya zama lauya a ofishin Thomas Cuite, jagoran masu rinjaye a majalisar birni, mutumin da ba a wuce doka sai da yardarsa. A nan ya koyi ƙidayar ƙuri'a tun kafin a kaɗa ta. Da Abraham Beame ya hau kujerar magajin gari a 1974, sai ya tura shi Albany ya zama bakin birnin a gaban 'yan majalisar jiha, ba a daɗe ba ya ɗaga shi zuwa mataimakin magajin gari. Lokaci ne mai zafi. A 1975 birnin ya kusa kasa biyan bashinsa, bankuna suka rufe masa ƙofa, har jiha a ƙarƙashin Gwamna Hugh Carey ta kafa hukumar da ta karɓe ragamar kuɗinsa. Duk wanda ya yi zirga-zirga tsakanin fadar birni da Albany a wannan shekara ya san kowa, kowa kuma ya san shi. Har zuwa nan babu abin zargi, ma'aikaci ne da ake biya albashi ya nemo wa birninsa sauƙi.

Inda hanya ta fara karkata shi ne ƙarshen 1977. Beame ya sha kaye, kwanakinsa a ofis sun zama na ƙirge. A lokacin akwai wani tsohon otal mai suna Commodore kusa da babbar tashar jirgin ƙasa, wanda wani matashin mai gine-gine, Donald Trump, ke son gyarawa, birni kuma ya yarda ya ɗauke masa harajin gini na shekara 40. Ɗan jarida Wayne Barrett ya bi diddigin yadda Friedman ya yi amfani da kwanakinsa na ƙarshe a ofis wajen kammala takardun wannan yarjejeniya. Da gwamnati ta sauka, sai ga shi a ofishin lauyoyin Roy Cohn, wanda shi ne lauyan Trump. Ba a taɓa hukunta shi a kan wannan ba, kuma ba ina ce miki ya karya dokar wancan lokaci ba ne. Amma ki riƙe wannan hoto: jiya shi ke sa hannu a madadin birni, yau yana cin abinci a gidan lauyan wanda ya amfana. Turawa na kwatanta abin da ƙofar nan ta manyan otal mai juyawa, wadda ba a gane mai shiga da mai fita.

A 1978 ya ƙara wata hula, ya zama shugaban jam'iyyar Dimokurat na Bronx. Kada ki ɗauka irin shugabancin jam'iyya ne na raba shinkafa. A gundumar da jam'iyya ɗaya ke lashe kusan kowane zaɓe, shugabanta ne ke da babbar murya kan wanda zai tsaya kansila, wanda zai je majalisar jiha, har da wanda za a tsayar alƙali, domin a jihar New York zaɓen alƙalan babbar kotu ake yi, jam'iyya ce kuma ke fitar da sunayensu a taronta. Ke da ke karatun lauya, ki auna: lauya mai zaman kansa, yana karɓar kuɗin masu neman kwangila, kuma alƙalai da kansiloli suna jin nauyinsa don shi ya tsayar da su. A wancan zamani manyan kwangiloli da maganar filaye suna hannun wata ƙaramar majalisar kasafi mai mutum takwas: magajin gari, da kwanturolan kuɗi, da shugaban majalisar birni, kowanne da ƙuri'a biyu, sai shugabannin gundumomi biyar kowa da ƙuri'a ɗaya. Ƙuri'a 11 ke nan, shida sun isa. Shugaban gundumar Bronx, Stanley Simon, mutumin Friedman ne. Shugaban gundumar Queens, Donald Manes, wanda shi ne kuma shugaban jam'iyya a can, abokinsa ne. Shi kansa magajin gari Ed Koch yana buƙatar ƙuri'un Bronx da Queens idan zaɓe ya zo. Wa zai ƙi ɗaukar wayar irin wannan lauya?

Abin da ya kayar da shi ƙaramin ofis ne da ba wanda ke kallo: hukumar karɓar tarar masu ajiye mota ba bisa ƙa'ida ba. A New York wannan tara kuɗi ne masu yawan gaske, kuma hukumar na ba kamfanoni kwangilar bin bashin waɗanda suka ƙi biya. Manes ya dasa amininsa Geoffrey Lindenauer a matsayin mataimakin darakta, shi ke karɓar na goro daga kamfanonin su raba. Sai ga wani sabon kamfani, Citisource, da ba a san shi da wani aiki ba a baya, ya ce zai ƙera wa jami'an hanya 'yar kwamfutar hannu ta rubuta takardar tara. Aka ba shi kwangilar dala miliyan 22.7. Friedman ne lauyan da ya tsaya wa kamfanin, yana da babban kaso na hannun jarinsa, kuma kamar yadda aka tabbatar a kotu, a cikin abin da ke hannunsa akwai rabon da ya riƙe wa Manes da Lindenauer a ɓoye. Wato mutumin da zai tantance kwangilar a cikin hukuma yana da riba a kamfanin da yake tantancewa. An ba kura ajiyar nama, an kuma rubuta takardar ajiyar da sunan lauya.

Zaren ya fara warwarewa ne daga Chicago, inda jami'an FBI ke wani bincike daban, suka naɗi muryar wani mai kamfanin bin bashi yana bugun ƙirji da abin da yake biya a New York. Ranar 10 ga Janairun 1986 'yan sanda suka tsayar da motar Manes cikin dare, suka same shi jina-jina. Da farko ya ce sace shi aka yi, daga baya ya amsa cewa shi ya ji wa kansa. Ya ajiye muƙami a Fabrairu, ranar 13 ga Maris ya kashe kansa a gidansa. Lindenauer ya amsa laifi ya koma shaidar gwamnati. Saboda yadda jaridu suka cika gari da labarin, aka ɗauke shari'ar zuwa New Haven a jihar Connecticut, a gaban Alƙali Whitman Knapp. Babban mai gabatar da ƙara na tarayya, Rudolph Giuliani, shi da kansa ya tsaya, abin da masu irin muƙaminsa ba su cika yi ba. A Nuwamban 1986 aka sami Friedman da laifi a ƙarƙashin dokar da tun asali aka yi don gungun 'yan mafiya, aka yanke masa shekara 12. Ya yi kimanin huɗu ya fito, lasisin lauya ya tafi, daga baya ya koma manajan wani otal a Staten Island. Giuliani kuwa sunan da ya yi a irin waɗannan shari'o'i ya taimaka wajen kai shi kujerar magajin gari a 1994.

Ina so ki lura da abin da kotu ta hukunta. Ba ta hukunta shi don ya san mutane ba, ko don ya karɓi kuɗi ya yi wa kamfani magana. Ta hukunta shi don ya sa wa mai yanke shawara rabo a aljihu, ya kuma ɓoye. A ganina ma cutar ta riga laifin zuwa. Tun ranar da mutum ɗaya ya haɗa lauya mai neman alfarma da ubangidan waɗanda ake neman alfarmar a wajensu, magana ta lalace, ko da sisin kwabo bai sauya hannu ba, domin jami'in da ke sauraronsa ba hujja yake aunawa ba, kujerarsa yake aunawa.

Na biyun shi ne Sid Davidoff, wanda aka haifa a 1939, ya yi lauya a Jami'ar New York. Yana saurayi ya shiga yaƙin neman zaɓen John Lindsay, ya zama na hannun damansa bayan Lindsay ya hau a 1966. Aikinsa na titi ne: a shekarun da biranen Amurka ke cin wuta saboda rikicin launin fata, yana cikin 'yan tsirarun da ake turawa unguwanni su zauna da shugabannin matasa tun kafin abu ya ɓaci. A Mayun 1970, da leburorin gine-gine suka afka wa ɗalibai masu adawa da yaƙin Vietnam, suka tilasta a ɗaga tutar fadar birni da aka sassauto don makokin ɗaliban da sojoji suka harbe a Jami'ar Kent, shi ne ya hau ya sake sassauto ta, abin da ya ƙara harzuƙa su. Sunansa ya fito a jerin mutum 20 da fadar Shugaba Nixon ta rubuta a matsayin abokan gaba, jerin da ya fallasa a 1973, kuma ya riƙa alfahari da hakan kamar lambar yabo.

Da ya bar gwamnati ya ɗan taɓa sana'ar gidan abinci, sannan ya buɗe ofishin lauyoyi a tsakiyar shekarun 1970, ya shafe shekaru da dama yana kamun ƙafa a fadar birni, magajin gari na zuwa na tafiya. Aikin da aka fi tunawa da shi shi ne na hukumar wasan tanis ta Amurka, wadda ke son faɗaɗa filinta a Queens a kan ƙasar birni. An ƙulla hayar shekara 99 a 1993, a ƙarshen mulkin David Dinkins, baƙar fata na farko da ya riƙe birnin, daga nan aka gina filin Arthur Ashe da aka buɗe a 1997. Ga inda tambayarki ke da ƙarfi: Dinkins masoyin tanis ne, Davidoff kuma abokin wasansa ne. Jaridu sun yi ta surutu, Giuliani ya soki yarjejeniyar, musamman sharaɗin da ya sa birni biyan tara idan jiragen sama suka dami 'yan wasa da ƙara. Wasu kuma har gobe suna cewa ba a taɓa ƙulla wa birnin cinikin filin wasa mai riba kamarsa ba. Ba zan ce miki abota ba ta yi aiki ba, ai don ita ake ɗaukar irinsu. Sai dai kowa ya san wa Davidoff ke wa aiki, sunansa na cikin rajista, an yi gardamar a fili, kuma ba shi ke naɗa kansiloli ba.

Yawancin dokokin da ake bi yau daga tokar 1986 suka tsiro. A 1989 Kotun Ƙoli ta Amurka ta ce waccan majalisar kasafi ta saɓa wa tsarin mulki, tunda Brooklyn mai mutum sama da miliyan biyu ƙuri'arta ɗaya, daidai da Staten Island da ba ta kai rabin miliyan ba. Aka rushe ta, ikon filaye ya koma majalisar birni. Sabon kundin birnin ya hana manyan jami'ai riƙe shugabancin jam'iyya, irin hula biyun da Manes ya sa, ya kuma kafa hukumar sa ido kan cin karon buƙatu. Wanda ya bar aiki ba zai koma ofishinsa na da yana neman alfarma ba sai bayan shekara guda, manya kuma an ƙara musu zuwa biyu, kuma duk maganar da ya taɓa sa hannu a kanta yana ofis ta haramta gare shi har abada. Duk wanda kuɗin kamun ƙafarsa ya wuce dala 5,000 a shekara dole ya yi rajista a ofishin magatakardan birni, ya riƙa kai rahoton wanda ya ɗauke shi, da abin da aka biya shi, da batun da yake bi. An hana shi ba jami'i kyauta. Gudummawar zaɓen da zai iya ba ɗan takarar magajin gari ba ta wuce dala 400 ba, ta kansila 250. Akwai kuma dokar da na fi so: an haramta la'ada. Dillalin kasuwa sai ciniki ya faɗa yake samun nasa, mai kamun ƙafa kuwa ba a yarda a ɗaura ladansa a kan nasara ba, domin wanda zai samu miliyan idan doka ta wuce, ya tashi a tutar babu idan ta faɗi, ba ya rasa dabarar da zai yi ta wuce.

Da duk wannan, abin da ake kashewa a kamun ƙafa a fadar birnin ya haura dala miliyan 100 a shekara, kuma kaso mafi girma a ciki daga masu gine-gine yake fitowa. Mai haya da ke tsoron a tashe shi ba shi da dala dubu goma a wata da zai ɗauki lauya, sai dai ƙungiya ta tsaya masa. Rajista tana nuna miki wa ya biya, ba ta daidaita aljihu. Wasu kuma sun gano ƙofar baya: su kira kansu masu ba da shawara, su ce su ba sa magana da jami'i a madadin kowa, don haka ba sai sun yi rajista ba. A 2016 ofishin magajin gari Bill de Blasio ya ƙi sakin wasiƙun da ya yi musaya da wasu irin waɗannan mutane, waɗanda kamfanoninsu ke da masu hulɗa da birni, yana cewa ai wakilan birni ne. Sai da 'yan jarida suka kai ƙara kotu ta tilasta a fito da su.

A nan gida aikin yana nan, suna ne kawai ba shi da shi. Ki je sakatariyar jiha ko ofishin filaye ki ga lauyoyin da ba su taɓa sa gashin kotu ba tun ranar rantsuwa, suna bin fayil daga tebur zuwa tebur. Ba mu da dokar da ta tilasta musu rubuta sunan wanda suke wa aiki ko abin da aka biya su, don haka mai kawo hujja da mai kawo ambulan layi ɗaya suke bi, ba mai iya rarrabe su daga waje. Idan fannin ya ba ki sha'awa, 'yata, darasin da za ki riƙe da kyau shi ne dokar gudanarwa, da Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, da Dokar Sayayyar Gwamnati ta 2007. Idan kuma kin samu hutu, ki je zauren majalisar jiharku ranar da kwamiti ke sauraron jama'a kan wani ƙuduri, ki zauna a baya, ki lura da wanda ke miƙa wa akawun kwamiti takarda kafin a fara zama.